Gwanayen da Suka Bi Sawun Jinin Jarirai

Duk uwar da ta raini mai sikila a Kurfi ko Dutsin-Ma za ta gaya maka cewa lafiyarsa ƙalau aka haife shi. Ya kama nono, ya yi ɓul-ɓul, aka yi suna aka watse, aka gama wankan jego ba a ga komai ba. Sai ya kai wata shida ko bakwai, wata rana a wayi gari bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura, yana tsala kuka ba dare ba rana. Daga nan gidan ya shiga zaryar asibiti ke nan, balle idan hunturu ya kankama. Cutar kuwa tun yana ciki ya gaje ta. To me ya tsare shi a watannin farko, kuma me ya sa tsaron ya janye?

Wata likitar yara mai suna Janet Watson, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, ta yi wannan tambaya a 1948. Ta lura cewa jajayen ƙwayoyin jinin jarirai ba sa lanƙwashewa kamar na iyayensu mata, ta yi hasashen cewa dalili shi ne irin himoglobin da jariri yake zuwa da shi duniya. Ta yi gaskiya. Himoglobin, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, sarƙoƙi huɗu ne a haɗe. Na ɗan tayi yana da alfa biyu da gama biyu, ana kiransa F. Na babba yana da alfa biyu da beta biyu, ana kiransa A. Aibin sikila a sarƙar beta yake, harafi ɗaya tak ya sauya a ƙwayar gadonta, himoglobin mai wannan aibi kuma ana kiransa S. Muddin jiki na aiki da gama, aibin a ɓoye yake. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rage gama yana ƙara beta, har F ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari a jinin yawancin manya. Ƙwayar gadon gama ba ɓacewa take yi ba. Tana nan a kan kuromosom na 11, maƙwabciyar beta, an dai rufe ta ne.

Kowace ƙwayar halitta mai cibiya a jikin mutum tana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin dubu ashirin, iri ɗaya a hanta da ɓargo da ƙwaƙwalwa. Kamar kasuwa ce mai rumfuna dubu ashirin, amma ba dukansu ke ci a rana ɗaya ba. Akwai masu zagayawa da makulli, su buɗe wannan su garƙame waccan. Waɗannan masu makulli furotin ne da ke sauka a kan DNA, su zauna a kan wasu 'yan haruffa da suka sani, su sa a karanta ƙwayar gado ko su hana. Su ma ba gaban kansu suke yi ba, saƙo ne ke iso musu daga wajen ƙwayar halitta, hannu zuwa hannu. Gano wane ne ya garƙame rumfar gama ya ci shekara sittin daga tambayar Watson. Yadda aka gano shi sana'a ce ta hannu da haƙuri, kuma a ganina ta cancanci yabo kamar yadda maganin da ya biyo bayanta ya samu.

Matakin farko na wannan sana'a ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya taɓa zuwa gwajin jinotayif kafin aure ya tsaya a bakin ƙofarsa. Ma'aikacin lab zai fasa ƙwayoyin jinin don himoglobin ya fito, ya jiƙa wata farar takarda ta musamman a ruwan sinadari, ya ɗan tsane ta, ya ɗiga jinin a layi ɗaya, ya sa a akwatin da lantarki ke ratsawa. Bayan ɗan lokaci jan layin ya rabu. A ya fi sauri, F na biye, sai S, sannan C a can baya. S yana jan ƙafa ne don wancan harafi guda ya rage masa cajin lantarki. Da wannan hikima ta tafiyar da furotin cikin lantarki Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa himoglobin mai sikila daban yake. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, gwani a wannan aiki ba ya gwada jininka shi kaɗai. Sai ya ɗiga jinin da ya riga ya san jinsinsa a gefen naka, ya zama shaida. 'Yan lab suna ce masa kwantirol. In shaidar ba ta tsaya inda ya kamata ba, ya zubar da aikin ya sake. Duk dabarun da za su biyo baya, komai tsadar injinsu, a kan wannan ɗabi'a suke tsaye.

An fara jin ƙanshin mai laifin ne ta hanyar ƙidaya. Akwai manya da F ɗinsu bai faɗi ƙasa sosai ba. A 2007 ayarin Swee Lay Thein a Landan suka gwada DNA na masu F da yawa da na masu kaɗan, a 2008 kuma wasu suka yi irin wannan da dubban mutanen tsibirin Sardiniya. Duka biyun suka nuna wuri ɗaya a kan kuromosom na 2, inda wata ƙwayar gado mai suna BCL11A take. A lokacin an san ta ne da alaƙa da kansar jini, ba wanda ya kawo ta a zancen himoglobin. Amma ƙidaya zato kawai take bayarwa. Ganin mutum kusa da wurin da aka yi ɓarna bai isa hujja ba.

Hujjar ta fito daga ɗakin gwajin Stuart Orkin a Boston, ta hannun wani ɗalibinsa, Vijay Sankaran, a ƙarshen 2008. Tunanin mai sauƙi ne: a cire wanda ake zargi, a ga ko ƙofar za ta buɗe. Aikin ne ba sauƙi. Ana samo ƙwayoyin asali na jini daga babban mutum, irin waɗanda ke zama a ɓargo, a rene su cikin 'yan kwalaben roba a akwati mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Ana ba su abinci da sinadarin EPO, wanda a jiki ƙoda ce ke yin sa don umartar ɓargo ya yi jini. Sati biyu zuwa uku ana canza musu ruwa, ana ƙirga su, ana tsare su daga ƙwayar cuta, domin taɓa bakin kwalba ɗaya da hannu marar tsabta ya isa ya ruɓar da aikin wata guda. Wanda ya iya renon zai ga alama da idonsa. Idan ya wulwula su a inji suka taru a gindin bututu, dunƙulen da ya fara da fari-fari zai riƙa komawa ja, shaidar sun fara yin himoglobin.

A tsakiyar renon ake shigar musu da wani ɗan guntun RNA da aka ƙera don ya lalata saƙon BCL11A kafin ya zama furotin. Ga inda gwaninta take. Kwalba ɗaya ta samu guntun gaske. Ta biyu ta samu guntu mai tsawo iri ɗaya amma haruffansa a hargitse, ba ya kama komai. In F ya tashi a duka biyun, to wahalar shigar da guntun ce ta tayar da shi, mai binciken bai gano komai ba. Sannan dole ya nuna furotin ɗin ya ragu da gaske. Sannan ya shafa ƙwayoyin a gilashi, ya rina su, ya duba a madubin ƙara girma ko sun girma daidai, saboda ƙwayar jini da ta sha wuya takan ƙara F don wuyar kawai. Sai bayan ya toshe waɗannan ƙofofi duka yake da bakin magana. Sankaran ya toshe su, F ya tashi, ƙwayoyin kuma suka girma lafiya. A 2011 ɗakin gwajin nan ya kashe BCL11A a ƙwayoyin jinin ɓeraye masu sikila, cutar ta kau daga jikinsu.

Yadda ake ganin furotin ya ragu ko ya ƙaru shi ne dabarar da ake kira Western blot, wadda ta samo asali a 1979. Jikanyar gwajin jinotayif ce. A fasa ƙwayoyin a kan ƙanƙara, a zuba ruwan cikin 'yan ramuka a saman wani jel siriri, lantarki ya jera furotin gwargwadon girma, ƙanana a gaba. A kwashe su zuwa kan wata takarda, a jiƙa ta da ruwan madarar gari marar kitse don ya cike guraben da babu komai, sannan a zuba antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da aka tanada don ya kama abu ɗaya kaɗai. Inda ya kama, baƙin layi zai fito. Kwana biyu ake yi, kuma kumfar iska ɗaya tsakanin jel da takarda tana iya share layin da ake nema. Shi ya sa za ka ga gwani yana murza bututu a kansu a hankali kafin ya rufe.

Da wannan dabara ake bin sawun saƙo kuma. Idan EPO ya sauka a bayan ƙwayar halitta, furotin JAK2 da ke manne daga ciki zai liƙa wa wani furotin mai suna STAT5 ɗan ƙunshin fosfet, shi kuma STAT5 ya wuce cibiya ya hau DNA. Cikin mintoci ake wannan. Mai bincike zai jera kwalabe, ya zuba EPO, ya tsayar da ta farko nan take, ta biyu bayan minti biyar, ta uku bayan sha biyar, kowace ya jefa ta kan ƙanƙara da maganin hana goge fosfet ɗin. In ya yi nawa, alamar ta gushe. Da antibodin da ba ya kama STAT5 sai mai fosfet, zai ga layin ya fito, ya yi kauri, ya dusashe. Daga nan ya toshe JAK2 da magani ya sake. In layin bai fito ba, ya san wa ke gaba da wa. Ta irin wannan bin diddigi, haɗe da wasu dabaru, ayarin Gerd Blobel a Philadelphia suka nuna a 2018 cewa wani furotin mai suna HRI yana taya BCL11A aiki, daga baya suka gano ta hannun furotin ATF4 saƙon ke bi. Tun a 2010 kuma an san furotin KLF1 yana cikin masu tayar da BCL11A, bayan nazarin wani dangi a tsibirin Malta da F ɗinsu ke da yawa. Akwai ma dabarar da ake ɗaura guntun DNA a gaban ƙwayar gadon da ke sa makesu haske, a sa cikin ƙwayar halitta, in guntun mai tayarwa ne sai inji ya auna hasken.

Duk da haka tambaya ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa har shekara goma. Shin BCL11A da kansa yake zama a kan ƙwayar gadon gama, ko daga nesa yake aikawa? Dabarar da aka saba amsa irin wannan da ita sunanta ChIP. A zuba wa ƙwayoyin formaldihaid na kimanin minti goma don kowane furotin ya daskare a inda yake zaune, a farfasa DNA da ƙarar inji zuwa gutsattsari, a kamo furotin ɗin da antibodi da 'yan duwatsun maganaɗisu, a wanke, a saki DNA da ke manne da shi a karanta. Ta yi aiki a kan ɗaruruwan furotin. A kan BCL11A da gama kuwa, shekaru ta yi ba ta ba da amsa bayyananniya ba. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɗauki shirun dabara a matsayin hukunci ba. Sun zargi kayan aikinsu kafin su zargi halitta.

A 2018 amsa ta zo daga wurare biyu. A Sydney ta Ostareliya, ayarin Merlin Crossley suka jingina da wata tsohuwar dabara ta 1981 mai suna EMSA, wadda ni a wurina ta fi kowace kyau saboda sauƙinta. A ɗauki ɗan guntun DNA mai alama, a gauraya shi da furotin, a sa a jel. Guntun da ba kowa a kansa zai zarce ƙasa. Wanda furotin ya hau zai yi nauyi ya tsaya a sama. Don a tabbatar ba manne-mannen banza ba ne, a zuba irin guntun marar alama da yawa, layin saman ya ɓace. A ƙara antibodi, layin ya ƙara hawa sama, shaidar furotin ɗin da ake nufi ne. Sai kuma su kawo guntu mai sauyin harafi irin na wasu iyalai da aka daɗe da sani, waɗanda F ɗinsu ke zama da yawa har tsufa ba tare da wata cuta ba. A kan wannan guntu BCL11A ya kasa zama. A Boston kuma Nan Liu a ɗakin Orkin ya yi amfani da sabuwar dabarar CUT&RUN, wadda Steven Henikoff da Peter Skene suka fitar a Seattle a 2017. Ita ba ta daskarar da komai. Ana huda ƙwayar halitta a hankali, antibodi ya shiga ya sami furotin a mazauninsa, a haɗa masa wani furotin mai yankan DNA, a ajiye a sanyin ƙanƙara, sannan a ɗiga kalsiyam. Nan take ya yanke dama da hagu, ɗan guntun ya fito a karanta shi. Amsar ɗaya ce: BCL11A yana zama a kan haruffa shida, TGACCA, kimanin harafi 115 kafin mafarin gama.

To tunda an san shi, me ya hana a kashe shi kawai? Jiki na bukatarsa a wasu wurare, a ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin garkuwa, kuma ɓeran da aka haifa babu shi sam ba ya rayuwa. A nan ne Daniel Bauer ya nuna a 2013 cewa a cikin ƙwayar gadon BCL11A akwai wani yanki da ke tayar da ita a ƙwayoyin jan jini kaɗai. A 2015 Matthew Canver da abokansa suka bi yankin da almakashin CRISPR, suna yanka wuri bayan wuri a ƙwayoyi daban-daban, suka tace waɗanda F ɗinsu ya tashi, suka duba inda aka yanke su. Suka sami 'yan haruffan da furotin GATA1 ke zama a kai. A taɓa nan, BCL11A ya yi shiru a jan jini, ya ci gaba da aikinsa a sauran jiki.

Wannan wuri ne maganin Casgevy yake yankawa. Victoria Gray, wata mata daga jihar Mississippi, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa, a Nashville a watan Yulin 2019. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. Sai dai kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, kuma sai an share ɓargon majiyyaci da magani mai ƙarfi wanda ke iya hana haihuwa. Nijeriya kuwa, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da S, kuma ƙiyasin da aka fi ambata ya ce ana haifar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara, ba ta cikin lissafin wannan farashi. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Amma ilimin F bai tsaya a Boston ba. Tsohon maganin nan haidroksiyuriya, ƙwaya ce da ake haɗiya kullum, yana ɗaga F. A asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da na koyarwa na Malam Aminu Kano, likitocinmu irin su Shehu Umar Abdullahi tare da Michael DeBaun na jami'ar Vanderbilt sun auna gudun jini a ƙwaƙwalwar yara masu sikila, suka ware waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, suka ba yara 220 maganin, wasu miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsu, wasu 20. Sakamakon da aka buga a 2022 bai nuna bambanci tsakanin biyun ba wajen kare su daga shanyewar, abin da ke nufin ƙaramin awo ma yana da amfani ga iyalin da kuɗi ya yi wa kaɗan. Aiki ne na ƙwarai, kuma a gida aka yi shi.

Akwai kuma tambayoyin da mu ya kamata mu yi. Nau'in sikila da ya fi yawa a Nijeriya, wanda masana ke kira na Benin, yana zuwa da F kaɗan idan aka gwada da na Senegal ko na gabashin Saudiyya, inda cutar takan zo da sauƙi. Duk da haka kowa ya san gidan da 'ya'ya biyu ke da SS, ɗaya kullum yana gadon asibiti ana ƙarin jini, ɗaya kuwa sai ya shekara bai kwanta ba. Wani ɓangare na wannan bambanci yana cikin F da haruffan BCL11A. Auna F, da ciro DNA, da ninka guntunsa da injin PCR a duba waɗannan haruffa, ba aikin dala miliyan ba ne. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da kimiyyar sinadaran jiki, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, Kurfi kuma tana kan hanya tsakaninsu. Abin da irin wannan aiki ke nema shi ne wutar da ba ta ɗaukewa, domin antibodi da samfurin jini a firiza suke rayuwa, da kuɗin sinadarai a kan kari, da malamin da zai tsaya a kan ɗalibi har hannunsa ya faɗa, ya iya ɗiga abin da bai kai ɗigon hawaye ba sau goma a jere ba tare da ya bambanta ba.

Ina kira ga masu hannu da shuni na Kurfi da Dutsin-Ma, da 'yan majalisarmu, su sa ɗakunan gwaje-gwaje cikin abin da suke taimakawa, ko da na'urar hasken rana ce da firiza. Ɗalibin da ke karatun lab, kada ya raina gwajin jinotayif da ake ba shi, kada kuma ya taɓa fitar da sakamako babu kwantirol, domin aure da zuriyar mutane ke rataye a kan layin nan. Iyayen mai sikila kuma, in kun je asibiti ku tambayi likita ko za a iya auna F na yaronku, ku tambaye shi ko haidroksiyuriya ta dace da shi, kada ku saya a kemis ku ba shi da kanku, domin magani ne da sai ana bibiyar jini.